Muryar da ke Cikin Kaset: Koyon Japananci Saboda Wasan Bidiyo

Duk wanda ya taɓa zama a bencin gidan gem a ƙarshen shekarun 1990 ko farkon na 2000 ya san Winning Eleven, wasan ƙwallon kamfanin Konami. Da yawa daga faya-fayen da suka iso hannunmu na kasuwar Japan ne, don haka komai na cikinsu da Japananci yake: jerin zaɓi, sunayen ƙasashe, har da ihun mai sharhi, Jon Kabira, in ƙwallo ta shiga raga. Babu wanda ya iya karanta ko harafi ɗaya a cikinmu, amma babu wanda ya ɓata. Da ƙirga muka haddace hanya: sauka layi biyu, danna, koma dama, ga inda ake canjin ɗan wasa. Abin da kowa ya lura da shi shi ne maɓallin da'ira ke cewa "e", mai alamar × kuma ya ce "a'a", saɓanin faya-fayen Turai. Sai da na girma na san dalili. A makarantun Japan da'ira malami yake zana wa amsar da ta yi daidai, sunanta maru, wadda ta kuskure kuma alamarta batsu, wato ×. Kamfanin Sony bai sauya wannan tsari a Japan ba sai da PlayStation 5 ta fito a 2020.

Ƙwallo tana yafe wa wanda bai iya karatu ba, domin aikin ido da yatsa ce. Akwai wani jinsin wasanni da Japan ta yi fice a kansa wanda ba ya yafewa: wasannin labari da ake kira RPG, inda za ka shiga gari ka tambayi mutane hanya, sarki ya ba ka saƙo, wata tsohuwa a bakin rijiya ta faɗa maka inda aka ɓoye mabuɗi. In ba ka ji abin da tsohuwar ta ce ba, sai ka kwana uku kana zagaya gari ɗaya. Irin waɗannan wasanni ne suka tura mutane da dama, a ƙasashe masu nisa da juna, neman littafin koyon Japananci. Binciken da cibiyar Japan Foundation ta yi a 2021 ya ƙirga masu koyon harshen a makarantun wajen Japan kusan miliyan 3.8, a ƙasashe da yankuna 141, kuma sha'awar zane-zanen manga da fina-finan anime da danginsu tana cikin manyan dalilan da aka bayar. Ƙidayar ba ta haɗa da wanda ke zaune a ɗakinsa daga shi sai waya da littafi ba. Abin da ya dame ni shi ne ko son wasa ya isa ya ɗauki mutum tsawon wannan tafiya, da kuma abin da zai tarar in ya isa.

Tun farko larura ce ta haifi al'adar. Nintendo ya fitar da na'urar Famicom a Japan a watan Yulin 1983, Dragon Quest na kamfanin Enix ya biyo baya a 1986, Final Fantasy na Square kuma a 1987. Fassara wasa mai dogon rubutu tana cin kuɗi da lokaci, ga shi Turanci ya fi Japananci cin wuri a kaset mai ƙaramin ciki, ga kuma kamfanonin ba su da tabbacin 'yan waje za su saya. Sai aka riƙa tsallake wasu. Final Fantasy na biyu da na uku da na biyar ba su fita Amurka ba a lokacinsu. Aka ɗauki na huɗu aka sa masa lamba ta biyu a 1991, na shida kuma aka kira shi na uku a 1994. Da na bakwai ya fito a 1997 da ainihin lambarsa, sai masu saye suka fara tambayar ina sauran suka shiga. Waɗanda aka fassara ɗin ma a gurguje aka yi su. Ted Woolsey, mai fassarar Square, kimanin kwana 30 aka ba shi ya gama Secret of Mana na 1993, kuma dole ta sa aka datse zance mai yawa don ya shiga kaset.

Masu sha'awa suka rabu gida biyu. Wasu suka koyi harshen don kansu, wasu suka koye shi don su buɗe wa sauran ƙofa. Wata ƙungiyar matasa a intanet mai suna RPGe ta kammala fassarar Final Fantasy na biyar zuwa Turanci a 1998, shekara guda kafin kamfanin da kansa ya fitar da tasa. Wadda ta fi shahara ita ce ta Mother 3, wasan Shigesato Itoi da ya fito a 2006 a kan Game Boy Advance. Da aka ga Nintendo ba shi da niyyar fassara shi, sai wasu masoyansa, cikinsu har da Clyde Mandelin wanda fassara ce sana'arsa, suka yi shekara biyu suna aiki ba tare da kwabo ba. Suka sake shi a watan Oktoban 2008, aka sauke shi fiye da sau 100,000 a makon farko. Daga baya Mandelin ya yi wa Nintendo tayin rubutun kyauta. Har yau Mother 3 bai fito da Turanci a hukumance ba, kuma da aka saka shi a tsarin intanet na na'urar Switch a 2024, Japan kaɗai aka ba.

To amma gaskiya ita ce wannan katanga ta rushe, sai 'yan ɓaraguzai. Pokémon X da Y sun fito rana ɗaya a duk duniya a 2013, da harsuna bakwai a cikin kaset guda, kuma tun daga nan abin ya zama ruwan dare ga manyan wasanni. Tsofaffin basussuka ma ana ta biya. Seiken Densetsu 3 na 1995 ya samu Turanci a 2019. The Great Ace Attorney, wanda aka daɗe ana cewa ba zai fassaru ba, ya fito a 2021. Trails from Zero ya fito a 2022, kuma kamfanin da ya fitar da shi a kan fassarar masu sha'awa ta ƙungiyar Geofront ya gina tasa. Akwai sauran waɗanda ba a taɓa ba, irin su Dragon Quest X da ake bugawa a intanet tun 2012, da Ryu ga Gotoku Kenzan na 2008, da Tokimeki Memorial na 1994, da tarin wasannin karatu zalla. Su ɗin ma, wanda ya ɗora kyamarar wayarsa a kan allo zai samu fassarar inji nan take, wadda za ta isa ta kai shi ga mabuɗin tsohuwar nan. Wanda burinsa kawai ya san abin da ya faru a labari, a yau ba ya bukatar shekaru yana hadda. Duk wanda ya ce masa dole ne, bai yi masa adalci ba.

Abin da ya rage, wanda a ganina shi ne ainihin ribar, murya ce. Japananci ba shi da kalma ɗaya ta "ni". Akwai watashi ta ladabi da kowa ke iya amfani da ita, da boku ta yaro ko namiji mai sanyin hali, da ore ta ƙarfin hali da ɗaga kafaɗa, da atashi ta 'yan mata, da washi ta tsoho, da sessha ta jarumin zamanin takobi, da wagahai ta mai ji da kansa, wadda Bowser na wasannin Mario yake kiran kansa da ita. "Kai" ma haka: anata, kimi, omae, har zuwa kisama, wadda haruffanta ke nufin girmamawa amma a bakin mutanen yau zagi ce. Ƙarshen jimla shi ma yana ɗauke da shaida. Kafin mutum ya gama faɗin "ni ne", mai karatu ya san shekarunsa, ya san matsayinsa, ya san kallon da yake yi wa wanda ke gabansa. Masanin harshe Satoshi Kinsui na Jami'ar Osaka ya sa wa wannan suna yakuwarigo, wato harshen rawar da aka ba ɗan wasa, a littafin da ya wallafa a 2003. Turanci kuwa "I" ɗaya gare shi, sarki da bawa duk ita suke sha. Inji ma haka yake yi, ya daka muryoyi goma ya kwaɓa su su zama ɗaya.

Ga yadda abin yake a aikace. A Chrono Trigger na 1995 akwai jarumin da aka mayar kwaɗo. A Japananci da ore yake magana, kai tsaye, ba ado, kamar sojan da ya ga duniya ya gaji. A fassarar Turanci ta farko sai aka ba shi tsohon Turanci irin na fada, ya koma wani dattijon bafade. Labarin bai canza ba, amma mutumin da 'yan Amurka suka so ba shi ne wanda Japanawa suka sani ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma, da za a fassara Undertale, wasan Ba'amurke Toby Fox, zuwa Japananci a 2017, masoyansa a Japan sun daɗe suna gardamar ko Sans, ƙwarangwal ɗin nan mai barkwanci, ore zai ce ko boku. Da wasan ya fito sai ga shi yana cewa oira, kalma mai ƙanshin ƙauye da sakin jiki, aka yi ta cece-ku-ce a kafafen sada zumunta. Kalma ɗaya ta tayar da wannan ƙura, kuma kalma ce da babu ita sam a rubutun asali.

Wani lokaci ma ƙasar ce gaba ɗaya ake ɗagawa. Lauyan nan da masu Turanci suka sani da Phoenix Wright, sunansa na gida Naruhodo Ryuichi, kuma naruhodo ita ce abin da Bajapane ke faɗa in ya gane zance, kamar mu ce "ashe haka ne". Ana wasa da sunan a cikin shari'o'in. Da aka fassara wasan a 2005 sai aka mayar da birnin Los Angeles, taliyar ramen da abokiyar aikinsa ke so ta koma burodi da nama irin na Amurka. Fassara ce mai kyau, ba na ƙin ta, masu ita sun san aikinsu. Sai dai da jerin ya ci gaba, ƙauyukan masu kiran ruhohi da dodannin tatsuniyar Japan suka yi ta shigowa, har wata shari'a a wasan 2016 ta ginu kacokan a kan rakugo, fasahar ba da labarin ban dariya a zaune, masu fassara suka rasa inda za su ɓoye su a Kalifoniya.

A nan ne nake ganin Bahaushe yana da wata gata da bai san da ita ba. Kusan duk littattafan koyon Japananci da zai samu da Turanci aka rubuta su, kuma za su ɓata shafi suna bayanin kalmomin da suka ce ba su da fassara. Otsukaresama, wadda ake faɗa wa wanda ya gama aiki, ai "sannu da aiki" ce. Mai fita gida ya ce ittekimasu, a amsa masa itterasshai: "sai na dawo", "a dawo lafiya". Ya dawo ya ce tadaima, a ce masa okaeri: "na dawo", "sannu da dawowa". Turanci yana da kalma ɗaya ta ɗan'uwa namiji, ɗaya ta mace, har mai fassara ya rasa yadda zai nuna wane ne babba. Japananci yana da huɗu, ani da otouto, ane da imouto, daidai da wa da ƙane, ya da ƙanwa. Yaro a wasa ya tare baƙon dattijo ya kira shi ojisan, kamar yadda namu zai ce kawu ko baba ga wanda bai haɗa jini da shi ba. Shawarata ga mai koyo ita ce ya karɓi nahawu ta hanyar Turanci tunda ita ce gadar da ke akwai, amma gaisuwa da girmamawa da zumunta ya auna su da Hausa.

Kunne ma yana taimakonsa. Wasulan Japananci biyar ne, a, i, u, e, o, kuma jan wasali yana canza ma'ana: obasan goggo ce, obaasan kaka. Wanda ya san bambancin garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ninka baƙi ma haka, kite "zo" ne, kitte kan sarki, kamar daba da dabba. Hawa da saukar murya su ke raba ame ta ruwan sama da ame ta alewa a lafazin Tokyo, yadda suke raba kukan yaro da kukar miya. Har yadda suke lanƙwasa kalmomin aro ya yi kama da namu, su ce teeburu mu ce tebur.

Wannan gata a bakin ƙofa take tsayawa, domin wasa karatu ne, kuma rubutun Japananci shi ne dutsen. Tsari uku ake gwamawa a jimla ɗaya. Hiragana da katakana, waɗanda ake kira kana a haɗe, kowanne yana da haruffa 46 na asali, kowane harafi gaɓa ce, kuma mai himma zai haddace su cikin 'yan makonni. Na ukun su ne kanji, waɗanda aka aro daga Sin. Jerin da gwamnatin Japan ta amince da shi a 2010 na amfanin yau da kullum yana da 2,136, yaran firamare kuma suna koyon 1,026 cikin shekara shida. Yawansu ba shi ne babbar wahalar ba. Harafi ɗaya yana da karatu iri-iri. A kalmar nichiyoubi, wato Lahadi, harafin rana ya zo sau biyu, a farko an karanta shi nichi, a ƙarshe bi. Ga shi aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, korewa kuma a wutsiyarsa, don haka sai ka kai ƙarshe za ka san ko sarkin ya yarda ko ya ƙi. Sau da yawa kuma ba a ambaton mai aikin, sai dai ka gane shi daga yanayin zance.

Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta sa Japananci a rukuni mafi wuya ga mai jin Turanci, tare da Larabci da Sinanci da Koriyanci: mako 88, kimanin awa 2,200 a aji, alhali Faransanci bai wuce awa 750 ba. Lissafin na ƙwararru ne da ke karatu dare da rana don aikin ofis, ba na mai son wasa ba, amma yana nuna girman abin. A awa ɗaya kullum, shekara shida ke nan. Mai wasa ba sai ya kai can zai fara jin daɗi ba, amma duk wanda ya yi masa alkawarin wata uku ya yaudare shi.

Akwai wani tarko da kusan kowane sabon shiga ke faɗawa, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Mutum ya haddace hiragana, sai ya ji cewa tsofaffin wasanni ba su da kanji ko ɗaya, ya ce to ga inda zan fara. Gaskiya ne ba su da shi. Harafin Famicom a cikin ɗan murabba'i mai ɗigo takwas a tsaye takwas a kwance ake zana shi, kanji mai zane goma sha biyar ba zai shiga ba. Dragon Quest na farko gaba ɗayansa kilobait 64 ne, har katakana ma 20 kacal aka iya sakawa, mai tsara wasan, Yuji Horii, da abokan aikinsa suka riƙa ƙera sunayen dodanni da na tsafe-tsafe daga waɗannan ashirin ɗin. Pokémon na 1996 ma babu kanji a zancensa, sai a Black da White na 2010 aka ba da zaɓin sa shi. Amma waɗannan wasanni an rubuta su ne don yaron da ya riga ya ji harshen a bakin uwarsa, wanda da ya furta kalma ya gane ta. Baƙo ba shi da wannan. Ya ga kaeru a hiragana, ba zai san kwaɗo ake nufi ba, ko komawa gida, ko canza abu, ko iya saye. Kanji ne ke raba su da kallo ɗaya. Harafin da ake gudu shi ne fitilar, kuma wanda ya yi nisa a karatu yakan ji rubutun kana zalla ya fi gajiyar da shi.

Abin da ya dace da mai farawa shi ne furigana, ƙananan haruffan kana da ake ɗorawa a saman kanji don nuna yadda ake furta shi. Duk wanda ya bi ta makarantar allo ya wuce babbaƙu ya shiga farfaru ya san wannan aiki, domin shi ne aikin wasali a kan baƙi: yana riƙe hannunka har ranar da za ka iya karanta littafin da ba a yi masa wasali ba. Wasannin da aka yi don iyali sukan zo da shi, irin su Animal Crossing na 2020 da Ni no Kuni da zantukan The Legend of Zelda: Breath of the Wild. Na farkon ya fi dacewa da mai koyo, domin duniyarsa ta kifi ce da kujera da bashin gida da gaisuwar maƙwabta, kalmomin da za su yi amfani a wajen allo.

Shin wasa malami ne? E, amma ba malamin farko ba. Yana da halaye uku da fim ba shi da su. Yana jira: akwatin zance ba ya gushewa sai ka danna, ko da za ka yi minti goma a ƙamus. Yana maimaitawa: kalmar hari da ta tsaro da ta magani da ta "ka samu kaza" za su zo maka sau ɗaruruwa har su zauna ba ka sani ba. Sannan yana jarrabawa ba tare da ya kunyata ka ba, domin in an ce ka bi arewa ka bi kudu, kogon ba zai bayyana ba, in kuwa ya bayyana ka san da kanka ka karanta. Wannan daɗin na ganin ƙofa ta buɗe saboda ka fahimci jimla, babu littafin darasi da ke ba da shi, kuma shi ne ke riƙe mutum a shekara ta biyu da ta uku lokacin da ɗokin farko ya kwanta.

Iyakarsa kuma a fili take. Wani bincike da Marcella Hu da Paul Nation suka wallafa a 2000 a kan masu koyon Turanci ya nuna cewa sai mai karatu ya san kimanin kashi 98 cikin 100 na kalmomin labari kafin ya fahimce shi ba da taimako ba, wato baƙuwar kalma ɗaya cikin hamsin. Wanda ya shiga Persona 5 da kalmomi ɗari uku a kansa, baƙin kalmomi biyar zai tarar a kowane layi. Awa guda za ta wuce bai fita daga ɗakin farko ba, wasan ya zama aikin gayya na mutum ɗaya, ya tsani wasan ya tsani harshen. Mafi yawan waɗanda na ga sun ajiye, a nan suka ajiye. Waɗanda suka ɗore kuwa sun fara da tushe: kana, sannan littafin nahawu irin Genki ko Minna no Nihongo, ko darussan Irodori da Japan Foundation ta sa kyauta a intanet, da kalmomi dubu ɗaya ko biyu. Yawancinsu suna amfani da Anki, manhajar da Damien Elmes ya fitar a 2006, wadda sunanta ma "hadda" yake nufi. Aikinta tilawa ce mai lissafi, ta dawo maka da kalma daidai lokacin da take shirin kuɓuce maka. Ƙamusun kyauta irin Jisho kuma a kan aikin da Jim Breen na Jami'ar Monash ta Ostareliya ya fara a 1991 suka tsaya. Bayan haka sai su zaɓi wasan da suka riga suka gama da Turanci, don labarin ya ɗauke musu rabin kaya, kuma su koyi barin wasu kalmomi su wuce. Ba kowace tsuntsuwa ake harbi ba.

Wani haɗarin kuma daga cikin ribar kanta yake fitowa. Muryoyin nan da na yaba, kayan wasan kwaikwayo ne. Kinsui ya nuna cewa maganar tsoho mai cewa washi yana rufe jimla da kalmar ja, wadda kowane farfesa da boka ke yi a wasa, ba haka tsofaffin Tokyo ke magana ba. Ta samo asali ne daga yadda mutanen Edo, wato Tokyo ta da, suka riƙa kwaikwayon lafazin yammacin Japan a dandali da littattafai, ta daskare a nan. Wanda ya koyi harshe daga Dragon Quest kaɗai zai san kalmar takobi da la'ana da sarkin aljanu kafin ya san ta rasit, kuma in ya ce wa malaminsa omae ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa da murmushi. A ƙaddara baƙon da ya koyi Hausa daga fina-finan 'yan daba, ya je gaida liman da wannan bakin. Wasa kuma ba ya sa ka buɗe baki ko ka riƙe alƙalami. Jarrabawar ƙwarewa a Japananci, JLPT, ma, wadda ake yi tun 1984 kuma take da matakai biyar daga N5 zuwa N1, karatu da sauraro kawai take aunawa. Ana samun wanda zai karanta labari mai awa sittin amma ya kasa tambayar hanyar tasha. In karatun ne burinsa, babu laifi, sai dai ya san abin da ya saya.

Samun wasan da Japanancinsa ma yana da 'yar dabara. Na'urar 3DS a kulle take da yankin da aka sayar da ita, Switch ta 2017 kuwa ba ta da wannan kulle, kuma wasanni da yawa suna komawa Japananci da zarar an canza harshen na'urar. Wasu kamfanoni dai suna ware bugun Japan daban, don haka a duba jerin harsuna kafin a biya, a tabbata na rubutu ne ba na murya kaɗai ba. Da Switch 2 ta fito a watan Yunin 2025, Nintendo ya sayar da mai Japananci zalla a cikin Japan a kan yen 49,980, mai harsuna da yawa kuma 69,980. Wata magana kuma da ba zan tsallake ba: a cikin wasannin karatu da ba a fassara ba akwai masu batsa tsagwaronta, a cikin na waya kuma akwai tsarin gacha, inda ake zuba kuɗi a jira sa'a, wanda bai da nisa da caca. Harshe yana buɗe ɗakunan gidan duka, zaɓin wanda za a shiga yana wuyan mai mabuɗi.

Iyaye za su tambaya, kuma suna da hakki: duk wannan wahala saboda wasa? Harshen da aka koya don wasa shi ne dai harshen mutum fiye da miliyan 120, da jaridunsu da littattafansu da jami'o'insu, ba ya tambayar dalilin da ya kawo ka. Mu da muka ga waɗanda suka ji Indiyanci a gaban allon sinima har suka mayar da shi sana'ar fassara, bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Sharaɗin dai kada ya ci lokacin salla da na karatu da na neman abinci.

Wasan da nake ajiye wa duk wanda ya kai shekara biyu yana wannan karatu shi ne Boku no Natsuyasumi, wanda Kaz Ayabe ya tsara, ya fito a PlayStation a 2000, kuma bai taɓa fita da Turanci a hukumance ba. Babu dodo a ciki, babu duniyar da za a ceto. Yaro ne ɗan shekara tara aka kai shi gidan danginsa a ƙauye ya yi watan Agustan 1975, saboda mahaifiyarsa ta kusa haihuwa. Da safe a yi motsa jiki da rediyo a tsakar gida, a karya kumallo tare, ya fita kamun ƙwari da kifi, da yamma a kira shi cin abinci, da dare ya zana abin da ya gani a littafinsa ya kwanta. Kwana 31 ke nan, kuma kusan duk abin da ke cikinsu zance ne na gida, irin wanda ake yi a kan tabarma. Sunan wasan yana nufin "hutuna na bazara", da boku ɗin nan ta yaro. Sunan yaron shi ma Boku. A Japan babba yakan kira ƙaramin yaron da bai san sunansa ba da boku, wato ya ara masa "ni" ɗinsa ya kira shi da ita. Don haka duk lokacin da matar gidan ta leƙo ta kira Boku-kun ya zo ya ci abinci, sunan yaron ta kira, kuma da kalmar da mai riƙe da na'urar yake kiran kansa ta kira shi.